Daga Bakin Dajin Kamuku Zuwa Daffon Zariya: Shirin Da Ke Gaban Mai Son Zama Kurtu

Da an idar da sallar asuba a garin Birnin Gwari, musamman a makonnin da aka ji sanarwar ɗaukar sababbin sojoji, za ka ga samari sun fito gudu. Wasu a filin ƙwallo, wasu a gefen kwalta, mai kambas da mai takalmin roba, gumi yana tsiyaya duk da sanyin safiya.

Ba sa yin nisa da gari. Kowa ya san inda gudunsa yake tsayawa, domin shekarun da aka sha sun koya wa mutanen nan cewa bayan gari ba wurin wasa ba ne.

Burinsu ɗaya ne: su ga sunansu ya fito, su tsallake tantancewa, a kai su makarantar horar da kurata da ke Zariya, wadda kowa yake kira Daffo. Ɗan ƙanwata yana cikin masu wannan gudu. Ranar da ya zo mini da takardunsa a cikin leda, cewa ya yi: "Kawu, jiki dai na shirya shi, ko yau aka kira ni zan tafi."

Na buɗe ledar. Shekarar haihuwar da ke kan lambarsa ta ɗan ƙasa daban, wadda ke kan takardar makaranta daban, sunan mahaifinsa ma an rubuta shi iri biyu. Wani yaro ne a shagon kwamfuta ya cike masa yadda ya ga dama. Na ce masa: "Ɗana, da wannan ledar ko ƙofar tantancewa ba za ka wuce ba, balle a ga gudunka." Wata uku muka yi muna gyara.

Abin da ya sa kaki yake jan su

Birnin Gwari ƙasar noma ce. Masara, dawa, shinkafa da waken suya na wannan yanki sun ciyar da kasuwanni da yawa a Arewa. Amma ƙaramar hukumar tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, kuma dajin Kamuku, wanda aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana haɗe da na Kuyambana. Fiye da shekara goma wannan daji ya zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, daga baya 'yan ƙungiyar Ansaru suka samu wurin zama a gabashin masarautar, wajajen Damari.

Saurayin da yake da shekara ashirin yau, a cikin wannan hali ya yi wayo. Ya ga mahaifinsa ya biya kuɗi kafin a bar shi ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi. Ya ga hanyar Kaduna, mai nisan kilomita ɗari da 'yan kai, ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro ake binta ta Buruku da Udawa. Ya ji abin da ya faru a Gwaska a watan Mayun 2018, inda aka kashe mutane gommai a rana ɗaya.

Gona ta gagara, kiwo ya gagara. Abin da ya rage shi ne acaɓa, ko ramin haƙar zinariya, ko zaman majalisa. A irin wannan wuri aikin soja yana nufin albashi a ƙarshen wata, komai ƙanƙantarsa, da asibiti, da fansho, da mutunci a idon dangi.

Akwai dalili na biyu, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba. Da yawa daga cikin samarin nan an kashe musu uba ko wa, ko an ɗauke musu ƙanwa. Zuciyarsu tana tafasa. Suna ganin ranar da suka riƙe bindiga ta halal, ranar za su koma dajin nan su share hawayen gidansu. Zan dawo kan wannan, don a nan ne shirin ya fi wuya.

Mece ce Daffo?

An kafa Daffon Zariya a 1924, zamanin Turawa, don horar da ƙananan sojoji. Ta bambanta da makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, inda ake yin shekaru ana karatun digiri a fito da anini a kafaɗa. Wanda ya bi ta Zariya yana fitowa ne a matsayin farabiti, daga nan ya hau igiya ɗaya, igiya biyu, saje, har samanja idan Allah ya yi tsawon rai.

Alaƙar Bahaushe da wannan aiki tsohuwa ce. Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da Bature Glover ya tara wasu 'yan Arewa a Ikko ya kafa ƙaramar rundunar da aka riƙa kira da sunan Hausawa. A Yaƙin Duniya na Biyu kakanninmu sun je har Bama, kuma shekaru masu yawa Hausa ce harshen bariki. Kalmomin kurtu, kofur, saje da fareti duk daga bariki muka gaje su.

Horon yana ɗaukar kimanin wata shida. A 'yan shekarun da suka wuce kowane zubi an riƙa yaye kurata wajen dubu biyar zuwa shida, maza da mata, daga duk jihohin ƙasar. Akwai kuma filin atisaye a dajin Falgore da ke jihar Kano, inda ake gwada juriyar mutum a daji na sosai.

A tsaya a yi lissafi. Idan aka raba dubu shida tsakanin jihohi 36 da Abuja, kowace jiha ba za ta wuce ɗari da sittin da wani abu ba. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23. Ko da rabon ya zo daidai wa daida, kason Birnin Gwari bai kai goma ba a zubi guda. Ke nan duk wanda ya tafi da ƙaramin aibi a takarda ko a jiki, akwai ɗari a bayansa masu jiran gurbin.

Takarda kafin tsere

Sharuɗɗan da rundunar take bugawa ba ɓoyayyu ba ne. Mai nema ya kasance ɗan Nijeriya, marar aure, tsakanin shekara 18 zuwa 22. Masu sana'a, irin su direba, makanike, birkila ko ma'aikacin jinya, ana ɗaga musu ƙafa har zuwa 26. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68. Sai takardar kammala sakandare mai ɗauke da aƙalla darussa huɗu da aka ci, har da Ingilishi, a zama ɗaya ko biyu. Sai takardar haihuwa, da ta shaidar asalin jiha, da lambar ɗan ƙasa. Kada kotu ta taɓa kama shi da laifi. A intanet ake cikewa, kuma kyauta ne.

Ga ɗan Kaduna ko Zariya wannan jeri ba wani abu ba ne. Ga ɗan Randagi ko Dogon Dawa ko Kuyello, kowane layi a cikinsa dutse ne.

Makarantun ƙauyuka da yawa sun yi shekaru a rufe, malamai sun gudu, iyaye sun yi hijira zuwa cikin gari da yaransu. Bayan sace ɗaliban Kuriga a watan Maris na 2024, a maƙwabciyar ƙaramar hukuma ta Chikun, gwamnatin jiha ta bayyana shirin haɗe makarantu fiye da ɗari uku da ke wurare masu haɗari da wasu a inda ya fi aminci. Matakin kare rai ne, amma yaron da aka nisanta da makaranta sau da yawa ba ya komawa.

A ƙarshen 2021 an katse layukan waya a wannan yanki na kusan wata biyu don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. A wasu ƙauyukan ma tun kafin nan turakun sadarwa sun daina aiki. Saurayin da za a ce ya cike fom a intanet, ya kuma riƙa duba ko sunansa ya fito, dole ya yi tafiya ya biya kuɗin mota kafin ya samu inda zai yi hakan.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Yaron da ya san dajin nan kamar tafin hannunsa, wanda zai iya tafiyar yini guda da buhun masara a ka, wanda yake gane sawun babur a ƙasa ya gaya maka na jiya ne ko na yau, shi ne yake faɗuwa saboda Ingilishi. Rashin tsaron da ya sa yake son aikin shi ne ya hana shi takardar shiga aikin. Ba ina cewa a sauke sharaɗi ba. Soja na yau yana buƙatar karanta taswira da rubuta rahoto. Cewa nake yi a taimaka wa yaran nan su cika shi. Wanda bai ci Ingilishi ba yana iya sake zama jarrabawa, kuma gara ya yi haka yana ɗan 18 da ya tuna yana ɗan 22.

Jiki da lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mazan jiya da suka bi ta Daffo sukan ce wata uku shi ne mafi ƙarancin lokacin da ya kamata mutum ya ba jikinsa. A fara da kaɗan, kilomita biyu ko uku, a riƙa ƙarawa mako mako. Ƙarfin noma daban ne da numfashin gudu; akwai ƙaton da zai yi kunya ashirin bai tsaya ba, amma zagaye huɗu na fili ya kayar da shi. A haɗa da motsa hannuwa da ciki, da doguwar tafiya ɗauke da kaya a baya. A saba da takalmi mai rufe ƙafa, domin ƙafar da ta girma a silifas tana shan wuya a but na makonnin farko.

Likitocin soja suna duba ido da kunne da haƙora da ƙirji, suna auna jini da fitsari. Gwaiwa, basir mai tsanani, ciwon hanta, sikila, farfaɗiya, gwamen ƙafa da karayar da ba ta ɗoru daidai ba duk suna iya mayar da mutum gida. Wasu daga cikin waɗannan ana maganinsu idan an gano da wuri, shi ya sa zuwa asibiti tun kafin a cike fom ya fi komai sauƙi. Zanen jiki na gayu shi ma yana hana shiga.

Kada wanda ya ɓoye ciwo. Horon ba ya sassauta wa kowa, ga zafin bazara ga sanyin hunturun Zariya, kuma an sha jin kurtu ya yanke jiki ya faɗi a fili. Mai ciwon zuciya ko asma da ya yi dabara ya wuce likita, kansa ya cuta, da uwarsa.

Sai maganar ƙwaya. Tiramol ya shiga ramukan haƙar zinariya da tashoshin acaɓa, har wasu suna ɗaukarsa maganin gajiya. Akwai masu ba samari shawarar su sha kafin tseren tantancewa. Wannan shawarar maƙiyi ce: gwaji yana tona ta, kuma zuciyar da aka ɗora wa ƙwaya da gudu a rana tana iya tsayawa. Mai sha ya daina tun yanzu, ya nemi taimakon likita idan abin ya kama shi.

Ƙananan abubuwa ma suna da rana. Wanki, guga, goge takalmi, gyaran gado, ɗinke maɓalli, cin abinci cikin minti kaɗan. Saurayin da ƙannensa mata suke yi masa komai a gida ya fara koya.

Abin da ke jiransa bayan ƙofa

Ranar farko ake aske kai ƙwal, gemu ma ya tafi. A ba shi lamba, a sa shi a kamfani, ya kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare. Tun kafin asuba ake tashi. Fareti, gudu, tsallake shinge, aji, kwance bindiga da harhaɗa ta, harbi, dabarun daji, agajin farko, dokokin soja da na yaƙi. Mutum ɗaya ya yi kuskure, a sa kowa tsallen kwaɗo. Iyaye su shirya zuciyarsu, don za a yi makonni ba su ji muryar ɗansu ba.

Gwale-gwalen nan yana da manufa. So ake a cire wa mutum "ni" a sa masa "mu", ya bi umarni ko ransa yana so ko ba ya so, ya riƙe fushinsa lokacin da kofur ƙaraminsa a shekaru yake daka masa tsawa. Masu guduwa daga horo ba kasafai raunin jiki yake korarsu ba. Zuciya ce take gazawa. Ya kamata kuma kowa ya sani cewa bayan an yi rantsuwa, barin aiki ba izini laifi ne da kotun soja take hukuntawa.

Ibada ba ta tsayawa. Akwai masallaci da coci a bariki, kuma rundunar tana da limamanta masu kaki. Umarni da Ingilishi ake bayarwa, hira kuma da burokan, saboda haka sauraron labarai da karanta jarida da Ingilishi shiri ne kamar gudu. Hausarsa ma jari ce: tun 2017 rundunar ta umarci sojojinta su koyi Hausa da Yarbanci da Ibo.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta. Soja ba ya zaɓar inda za a kai shi. Ɗan Birnin Gwari da ya shiga don ya koma Kamuku yana iya samun kansa a bakin tafkin Chadi, ko Filato, ko fadamun Neja Delta, ya yi shekaru bai taka garinsu da kaki ba. Idan ma an kawo shi gida, bindigar ba tasa ba ce. Ba zai harba ta don wansa da aka kashe ba, sai da umarni, kuma wanda ya miƙa wuya ba a taɓa shi. Rugar da zai shiga akwai mata da yara da tsofaffi waɗanda su ma ɓarayin sun kwashe musu shanu. Wanda bai iya raba Bafulatani makiyayi da ɗan bindiga a zuciyarsa ba, bai gama shiri ba ko da ya fi kowa gudu. Wannan aikin iyaye da malamai ne, kuma a gida ake yinsa kafin a tafi.

Masu goyon baya da masu ɗari-ɗari

Iyaye mata su ne suka fi jan ƙafa, kuma suna da hujja. A watan Maris na 2018 an kashe sojoji goma sha ɗaya a Kamfanin Doka, a cikin wannan ƙaramar hukuma. Mutanen nan sun ga gawar soja da idonsu, ba a rediyo suka ji ba. Bayan wannan hari da na Gwaska ne gwamnatin tarayya ta amince da kafa bataliya a yankin, aka buɗe sansani a Kamfanin Doka. Uwar da ta rasa miji a gona ba ta son ta rasa ɗa a fagen daga, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Wasu kuma tsakaninsu da kaki akwai tabo. Harin jirgin soja marar matuƙi da ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri a watan Disamba na 2023, ya kashe mutane fiye da tamanin, har yau yana bakin mutane a jihar. Wasu suna ƙorafin yadda ake kiran agaji ya zo a makare.

Masu goyon baya suna amsawa da cewa da ɗan gari akan ci gari. Idan 'ya'yan yankin ba su shiga ba, wa zai gaya wa kwamanda cewa wannan taron biki ne, wancan kuma ba shi ba ne? Akwai kuma masu ganin gara saurayi ya shiga rundunar sintiri ta jihar Kaduna, wadda ta ɗauki mutum dubu bakwai a 2023, irin Askarawan Zamfara, tunda ita a gida take aiki. A ganina kowanne da muhallinsa, sai dai horon wata shida da dokar da ke kan soja sun fi tsare saurayi daga ɗaukar doka a hannu.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ajiye makami, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Ra'ayi ya rabu kan wannan sulhu, wasu suna hamdala, wasu suna jira su gani. Abin da ba a musu a kai shi ne hanya ta ɗan buɗe, kuma duk lokacin da hanya ta buɗe dama ce ta zuwa gyaran takarda, zuwa asibiti da komawa aji.

'Yan damfara

Duk lokacin da aka buɗe ɗauka, su ma suna buɗe kasuwarsu. Wani ya ce yana da Kanar a Abuja, wani ya turo shafin bogi ta WhatsApp ko Facebook, wani ya kawo takardar kira mai tambari. Gidan da ya riga ya sayar da gona don biyan kuɗin fansa sai ya sayar da ragowar akuya don sayen gurbi. Rundunar ta sha nanata cewa ba a biyan ko kwabo. Wanda ya je da takardar jabu kuma ba korarsa kaɗai ake yi ba, ana iya miƙa shi ga 'yan sanda. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi, ɓarawo ne, ko da kaki a jikinsa.

Kira ga masarauta da ƙaramar hukuma

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Ɗaki ɗaya a sakatariya mai kwamfuta da intanet, da ma'aikaci amintacce da zai cike wa samari fom kyauta ya duba ko sunaye da shekaru sun dace. Rana ɗaya a wata da asibitin gari zai ware don duba masu niyya. Ajin yamma na Ingilishi da lissafi ga waɗanda za su sake jarrabawa. Mazan jiya biyu ko uku da za su riƙa fita da yaran nan fili da asuba, su gaya musu gaskiyar abin da ke gaba.

Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya daɗe yana magana a fili kan halin da talakawansa suke ciki. Ina roƙon fadarsa, da hakimai da dagatai, da shugaban ƙaramar hukuma, da ƙungiyar ci gaban masarautar, su ɗauki wannan aiki tun kafin sanarwa ta gaba ta fito, su kuma tabbatar kason yankin ya tafi ga 'ya'yan yankin.

Kai kuma saurayi mai gudun asuba, gobe idan ka dawo daga fili, ɗauko ledar takardunka ka kai wa wanda ya iya karatu ya duba maka su ɗaya bayan ɗaya.